Daga Dutsen Girkawa Zuwa Aljihun Dalma: Tarihin Nauyin da Ke Kai Mai Nutso Ƙasan Teku

A shekarar 1913 wani jirgin yaƙin Italiya mai suna Regina Margherita ya rasa angarsa, wato ƙaton ƙarfen nan da ake jefawa ƙasa don tsayar da jirgi, a gaɓar tsibirin Karpathos da ke Bahar Rum. Anga ta sauka cikin ruwa mai zurfin kusan mita 80. Da dabara ta ƙare wa sojojin, sai aka kawo musu wani mai tsintar soson teku daga tsibirin Symi, Stathis Hatzis, wanda Italiyawa suka rubuta sunansa Haggi Statti. Likitan jirgin ya duba shi, ya ga huhunsa da ciwo, kunnuwansa kuma a fashe, ya ce wannan ba zai iya ba. Hatzis bai yi musu da kowa ba. Ya rungumi dutsensa ya faɗa ruwa, ba tukunyar iska, ba rigar roba, ya yi ta sauka yana hawa har ya ɗaura wa sarƙar angar igiya aka jawo ta. Ladansa 'yan kuɗi kaɗan ne da izinin kamun kifi da nakiya.

Dutsen da ya runguma shi ake kira skandalopetra. Falalen marmara ne mai nauyin kilo 8 zuwa 14, an goge gefunansa, an huda shi an zura igiya. Da shi mutanen Symi da Kalymnos suka daɗe suna cin abinci. Mai nutso yana riƙe shi da hannu biyu, ya karkata shi don ya juya akalarsa, ya miƙar da shi don ya rage gudu. In ya isa ƙasa ya yanki sosonsa, sai ya girgiza igiya, na cikin kwalekwale su jawo shi da dutsen baki ɗaya.

Dalilin neman dutse a fili yake. Jikin ɗan Adam da huhu cike da iska ba ya son nutsewa, musamman a ruwan gishiri, wanda ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wanda zai yi kokawa da ruwa don ya sauka zai ƙarar da numfashinsa a hanya, ya isa wurin aiki ba shi da sauran komai.

Masu neman lu'ulu'u a Tekun Fasha, daga Bahrain zuwa Kuwait da Katar, sun bi wannan hanya da ɗan bambanci. Nasu dutsen yana da maɗauki a igiya inda mai nutso ke zura ƙafa. Ya matse hancinsa da wani ɗan abu da ake sassaƙawa daga ƙoƙon kunkuru, ya rataya kwando a wuya, ya sauka a tsaye. Da ya taɓa ƙasa sai ya zare ƙafa a janye dutsen, shi kuma ya rage da igiya ta biyu wadda abokin aikinsa ke riƙe da ita a jirgi. Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya ba da labarin waɗannan mutane tun ƙarni na 14. Sana'ar ta durƙushe a shekarun 1930, lokacin da lu'ulu'un da Japan ke nomawa ya cika kasuwa.

A dukkan wuraren nan biyu, nauyin ba a jikin mutum yake ba. Abu ne da ake riƙewa a saki. Amma ran mai nutso yana hannun wanda ke sama: in mai jan igiya ya yi gyangyaɗi, shi ke nan.

A Ingila ne aka ɗaure nauyin a jikin mutum. A shekarun 1830 Augustus Siebe, Bajamushe mazaunin Landan, ya gyara kwalkwalin da 'yan'uwan nan Charles da John Deane suka ƙirƙira, ya haɗe shi da rigar da ruwa ba ya shiga, ana tura iska daga sama ta tiyo da famfo. An gwada kayan sosai wajen kwashe ɓaraguzan jirgin Royal George a Spithead daga 1839, ƙarƙashin Kanar Charles Pasley. To, riga cike da iska ai sama take son zuwa. Sai aka dinga lafta wa mutum dalma: a tafin takalmi, a ƙirji, a baya. Kayan Mark V da sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da su daga 1916 har 1984 sun kai kusan kilo 86, ɗamarar dalmar kaɗai ta kusa kilo 38. A kan jirgi sai an kama mutum an tayar da shi. A ƙasan ruwa kuwa tafiya yake yi da ƙafa, ba iyo ba.

Nauyin takalmin yana da nasa dalili daban. In iska ta taru a ƙafafun riga, mutum ya kife kai ƙasa, ba shi da yadda zai fitar da ita. Rigar za ta yi ta kumbura yana hawa, hawan kuma yana ƙara kumbura ta, har ya faso sama da gudu.

Da kayan kwalkwali suka isa tsibiran Girka a shekarun 1860, soso ya yawaita, makoki ma ya yawaita. Mai dutse minti ɗaya ko biyu yake yi a ƙasa. Mai kwalkwali yana iya daɗewa, iskar naitirojin tana narkewa a jininsa, in an jawo shi da sauri ta zama kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi. Maza da yawa sun mutu, wasu sun koma gida da shanyayyun ƙafafu. Paul Bert na Faransa ya bayyana sanadin a 1878, John Scott Haldane kuma ya fitar da jadawalin hawa a hankali a 1908. Tun daga nan saurin hawa ya zama abin tsoro kamar yadda nutsewa take, kuma duk wata muhawara kan nauyi da ake yi yau daga wannan tushe ta fito.

A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar Aqua-Lung a Faransa. Mutum ya goya iskarsa, igiya da tiyo suka kau. Ba mai jawo shi kuma, don haka dole nauyin ya zama wanda zai iya yarwa da kansa. Aka samu ɗamara mai 'yan guntayen dalma da maɓallin da hannu ɗaya ke buɗewa, aka kuma kafa ƙa'idar cewa ita ce ta ƙarshe da ake ɗaurawa, kada wani maɗauri ya hau kanta. An zaɓi dalma don ta fi ruwa nauyi sau goma sha ɗaya da ɗoriya. Dutsen marmara mai kilo 14 in ya shiga ruwa bai wuce kilo 9 ba, dalma mai kilo 14 kuwa tana nan kusan 13, ga ta 'yar ƙarama a ƙugu.

Sai kuma rigar sanyi ta zo da tata matsala. Hugh Bradner, masanin kimiyya a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fito da rigar roba mai soso-soso a 1952. Ƙananan kumfan iska da ke cikin robar su ke hana sanyi, su ne kuma ke ɗaga mutum, sai ya ƙara dalma kafin ya iya sauka. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Robar ta matse ta rage ɗagawa, dalmar kuwa ba ta ragu ba. Mutumin da ya bar sama daidai wa daida sai ya tsinci kansa a ƙasa yana harba ƙafa don kada ya ci gaba da zurmawa. Maganin ya zo a 1961, da Maurice Fenzy ya fitar da wata jakar iska da ake ratayawa a wuya, a hura ta ko a sace ta yadda ake so. Aikin da gora ke yi wa masunta a Argungu ke nan, sai dai wannan gorar ana iya rage mata iska. Kamfanin Scubapro ya mai da ita riga a shekarun 1970. A farkon shekarun 1970 ɗin ne kuma aka ga At-Pac na kamfanin Watergill, wanda ya zuba ƙwayoyin dalma a cikin abin goyon tukunya, a ja mariƙi su zube. Daga nan ne aljihunan dalma da ke jikin rigunan yau suka samo asali. Masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a Filorida sun bi wata hanya: Greg Flanagan ya ƙera farantin ƙarfe na baya a 1979, wanda in na baƙin ƙarfe mara tsatsa ne yakan ɗora kusan kilo 3 daidai saman huhu, mutum ya kwanta a miƙe cikin ruwa.

Wanda zai sayi kaya yau yana zaɓe ne tsakanin haɗari biyu. Ɗamara tana da arha da sauƙin yarwa, amma tana zamewa daga ƙugun mai tumbi, kuma in roba ta matse a zurfi takan yi sako-sako ta juya, maɓallin ya koma baya. Aljihu yana hutar da ƙugu, sai dai kowane kamfani da irin mariƙinsa, abokin nutso zai iya ruɗewa lokacin ceto, kuma na farko-farko masu manne sun sha zubar da dalma ba da nufi ba. Farantin baya ba ya faɗuwa, ba ya kuma yaruwa. Shi ya sa masu zurfin nutso, waɗanda hawa da gudu zai iya shanye su, suke ɗaure mafi yawan nauyinsu su bar kaɗan na yarwa, masu yawon shaƙatawa a ruwa mara zurfi kuwa suke so duka ya fita da ja ɗaya.

A ganina an fi yin kuskure wajen yawa, ba wajen iri ba. Wasu masu koyarwa kan lafta wa ɗalibi dalma don ya durƙusa a ƙasa ya natsu a gama darasi, shi kuma ya tafi da wannan adadi shekara da shekaru, yana cika riga da iska don ya ɗauki nauyin da bai buƙata ba. Gwajin ba wuya: da riga ba iska, mutum ya riƙe numfashi na al'ada, ruwa ya tsaya masa daidai ido, in ya fitar da numfashin ya soma sauka a hankali. Sai a tuna iskar cikin tukunya ita ma tana da nauyi, fiye da kilo biyu da rabi a tukunyar alminiyam da aka fi bayarwa haya. In ta kusa ƙarewa tukunyar sama take ja, a daidai lokacin da ake so mutum ya tsaya minti uku a zurfin mita 5. Wanda ya saba da tafki kuma ya koma teku zai ƙara kusan kilo biyu zuwa uku. Binciken da likitocin nutso suka yi kan mace-mace ya sha nuna cewa mafi yawan waɗanda aka tsamo gawarsu an same su da dalmarsu a jiki, da yawansu kuma sun riga sun iso saman ruwa kafin su sake nutsewa. Saboda haka makarantu ke sa ɗalibi ya maimaita yar da nauyi a saman ruwa har hannu ya saba.

Ita dalmar ba a sami abin da ya maye gurbinta da arha ba. Yanzu akan lulluɓe ta da roba, ko a ɗinke ƙwayoyinta cikin 'yan jakunkuna masu laushi, waɗanda kan fitar da ruwa mai toka-toka in ƙwayoyin sun gogi juna. Har yau akwai masu narka tsohuwar dalma a bayan gida su zuba a mazubi don su rage kashe kuɗi. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai bar yaro kusa da wannan hayaƙi ba, kuma zai wanke hannu bayan taɓa dalmar da ba a lulluɓe ba kafin ya kai loma baki.