Daga "Faɗa a Ji" zuwa "Tasiri"

Ban taɓa jin kakana ya ce "tasiri" ba. A Sule Tankarkar, in zai yabi dattijo, cewa yake yi: "Wane mai faɗa a ji ne." Kalmar tasiri kuwa aron Larabci ce, a bakin malamai da rediyo na tsince ta.

Amma ma'anarta a kasuwar Maigatari na gan ta, wata ranar Alhamis. Ciniki ya cije tsakanin wani Buzu mai raƙumi da wani baƙo ɗan kudu. Sai tsohon dillali ya dafa kafaɗar mai raƙumin, ya ce, "Sallama masa, Malam." Nan take ya sallama. Tsohon ba shi da sarauta, ba shi da doka a hannu. Amana kawai ya tara.

Ƙasar Gumel, inda Sule Tankarkar da Maigatari suke, ta daɗe da sanin wannan bambanci tsakanin iko da faɗa a ji. Iko na iya sauya hannu, kamar yadda Turawa suka karɓe shi a 1903. Kwarjini baiwa ce daga Allah. Faɗa a ji kuwa shuka ce: da gaskiya ake yi mata ban ruwa.