Tufar Alfarma a Bakin Juji: Tarihin Hoton Kwalliya a Lungunan Birane

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ranar salla ya san yadda ake yi: a share wuri, a rataya labule mai zanen furanni, mutum ya gyara zaman hula ko ɗaurin kallabi, sannan a ɗauka. Da irin wannan tsari ne hoton tallar tufafi ya faro a Turai da Amurka. A shekarar 1911 Edward Steichen ya ɗauki hotunan rigunan shahararren telan nan na Faransa, Paul Poiret, kuma a 1913 mujallar Vogue ta ɗauki Adolph de Meyer aiki. Kyamarorin zamanin manya ne masu ƙafa uku, don haka tilas mai tallar rigar ta ƙame kamar gunki a cikin ɗaki mai ƙawa.

Wanda ya fara karya wannan al'ada shi ne Martin Munkacsi, mutumin Hangari, wanda ya saba da ɗaukar hoton 'yan wasanni. A ƙarshen 1933 ya sa Lucile Brokaw ta sheƙa da gudu a bakin teku a Long Island, cikin sanyi, ya ɗauke ta domin mujallar Harper's Bazaar. Bakin teku ba lungu ba ne, amma daga ranar aka gane cewa riga tana iya fita waje ta sha iska.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai ta kufai. A 1941, bayan jiragen Jamus sun yi wa Landan luguden bama-bamai, Cecil Beaton ya tsayar da wata mata sanye da kwat ɗinkin Digby Morton a tsakiyar ɓaraguzan Middle Temple, wato tsohuwar matattarar lauyoyin birnin. Matar ta juya wa kyamara baya, tana duban abin da ya saura na ginin. A shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta fara ƙayyade yawan tufafin da kowa zai iya saya. Saƙon hoton a fili yake: an rushe gini, ba a rushe ado ba. A ganina, wannan hoto yana da hujjar da yawancin na bayansa ba su da ita, domin da mai hoton, da mai rigar, da masu karanta mujallar, duk a ƙarƙashin bama-baman nan suke kwana. Kufan nasu ne.

Bayan yaƙi, Richard Avedon ya zagaya da sababbin rigunan Dior titunan Faris da gidajen shan gahawa. Sai dai titunansa a share suke. Wanda ya shigo da hayaniya da ƙura shi ne William Klein, wanda ya yi wa Vogue aiki daga 1955 zuwa 1965, ko da yake bai ɓoye cewa harkar kwalliya ba ta dame shi ba. Hotunansa na titunan Niyok sun yi duhu da dishi-dishi har masu ɗab'i na Amurka suka ƙi karɓarsu, sai a Faris aka buga littafin a 1956. A 1960 ya kai mata biyu dandalin Piazza di Spagna da ke birnin Rum, sanye da rigunan Capucci masu fari da baƙi, ya sa suka riƙa kai da komo a kan zanen tsallaka titi, shi ma fari da baƙi. Shi kuwa ya koma nesa da gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, ta yadda masu wucewa ba su san ana ɗaukar hoto ba. Maza suka yi ta waige, masu babura suka yi cirko-cirko, hanya ta cushe. Duk wannan ya shiga hoton, kuma shi ne gishirinsa.

A Landan kuwa al'amarin ya haɗu da batun asali. David Bailey ɗan mai yankan yadi ne a shagon tela, Terence Donovan kuma ɗan direban babbar mota, dukansu daga gabashin birnin, unguwannin ma'aikata. Donovan ya tsayar da maza masu kwat a tsakanin bututu da tururin tashar lantarki, shi kuma Bailey ya tafi Niyok da Jean Shrimpton a watan Janairu na 1962, ya ɗauke ta a gaban allunan talla da rumfunan wayar tarho da bangayen da suka sha jiki. Su waɗannan ba baƙi ba ne a irin wuraren; abin da suka tashi suna gani ne suka shigo da shi mujallar masu hannu da shuni.

Daga 1980 mujallun The Face da i-D suka ƙara gaba, suna tare matasa a titi, su jingina su da bango, su ɗauke su cikin kayan jikinsu. A 1993 Corinne Day ta ɗauki Kate Moss a wani ɗakin haya maras ƙawa domin Vogue ta Ingila, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Daga nan yayin ya koma nuna ramammun 'yan mata masu kama da 'yan ƙwaya a ɗakunan wanka masu datti. Bayan rasuwar matashin mai hoto Davide Sorrenti a watan Fabrairu na 1997, yana da shekara 20, Shugaba Bill Clinton ya fito a watan Mayu ya la'anci wannan salo.

Dalilin da ya sa masu hoto ke son irin waɗannan wurare ba boyayye ba ne. Siliki ya fi sheƙi idan aka jera shi da tsatsa, kuma idon da ya gaji da kallon falo mai kyau yakan tsaya idan ya ga alfarma a bakin kwata. Amma lungu ba kango ba ne, akwai masu kwana a cikinsa. A shekarar 2000 John Galliano ya fitar wa kamfanin Dior tufafi masu kama da tsummokaran marasa gida da yake gani a bakin kogin Seine, har aka yi zanga-zanga a ƙofar kamfanin. A watan Agusta na 2008 kuma Vogue ta Indiya ta buga hotunan talakawan ƙasar riƙe da kayan ƙawa: wata tsohuwa ɗauke da jariri mai sanye da ƙyallen tare dalala na Fendi na kimanin dala 100, wani mutum ba takalmi riƙe da laimar Burberry ta kimanin dala 200. A lokacin, ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna mutum miliyan 456 a Indiya ba sa samun dala 1.25 a rana. Da aka yi suka, editar mujallar, Priya Tanna, ta ce a sassauta, abin bai kai nan ba. A ƙarƙashin hotunan an rubuta sunan kamfanin da ya yi kowace jaka da kowace laima, amma ba a rubuta sunayen mutanen da ke riƙe da su ba.