Alhassan Ɗantata: falken Bebeji da ya sauya wa goro hanya

A da, goron Gwanja a bayan jaki yake zuwa Kano. Ayari kan yi watanni a tafe, ɗaya daga cikin hanyoyinsa kuwa ta Jega ce, kafin a ƙetare Kwara. A wannan fatauci aka haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuri'ar Agalawa. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya ta koma Ankara ta Gana da kasuwancinta, sai wata dattijuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Sunanta ne ya bi gidan har yau.

A ganina, ba tarin dukiya ne abin lura a tarihinsa ba, saurin gane cewa zamani ya juya ne. Sauran madugai na nan suna lissafin zango da kuɗin fito, shi kuwa ya riga ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma idan fari ya zo ana iya cinta. Kamfanoni ba su san ƙauye ba. Ɗantata kuwa yana da yaran gida da dillalai a kasuwannin karkara, yana ba su jari tun kafin kaka. Daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja, wanda daga baya ya koma UAC, buhunansa na cikin waɗanda aka tayar da dalar gyaɗa da su.

A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai sulallan da Ɗantata ya ajiye. Ka ƙiyasta wahalar masu ƙirga!

Mulki a ƙarshe ya zo masa. Ba ɗan sarauta ba ne, amma a shekarunsa na ƙarshe an ba shi kujera a majalisar Sarkin Kano, lokacin da En'e ta fara buɗe ƙofa ga attajirai. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Ɗansa Sanusi shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Allah ya jiƙan Alhassan.