Jakara: kogin da muke kira kwata

1/ Jama'a, ku tambayi yaron birnin Kano mene ne Jakara, zai ce muku kwata ce mai wari. Wani ma zai ce sunan unguwa ne ko caji ofis. Alhali kogi ne, kuma ya girmi ganuwa, ya girmi Kasuwar Kurmi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Mu fara da shimfiɗar ƙasa. Kano ba waje ɗaya take zubar da ruwanta ba. Ruwan saman da ya sauka a kudu, wajen Sharaɗa, rafuka irin su Salanta ne ke kwashe shi zuwa Challawa. Wanda ya sauka a cikin birni, Fagge, Sabon Gari da Bompai kuwa, arewa maso gabas yake gangarawa, kuma Jakara ce ke tattara shi.

3/ Wato duk kwatamin da ke ƙofar gidanku, in dai a wannan ɓangaren kuke, reshen Jakara ne. Ko kun sani ko ba ku sani ba.

4/ Yanzu tarihi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe akwai wani kurmi mai duhu da ruwa a tsakiyarsa, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa. Wajen tsafi ne, ana yanka a can, kuma mazauna gindin Dala sun yarda cewa in masifa na tafe kurmin ne ke fara ba da alama.

5/ Ku lura da abu ɗaya: mutanen nan ba don kyan dutse suka zauna a Dala ba. Akwai tama da suke narkawa su fitar da ƙarfe, ga fadama mai riƙe ruwa har cikin rani. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, wannan fadamar ita ce jari. A ganina an cika ba Dala yabo, an manta da ruwan da ke ƙasanta.

6/ Da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa kasuwa, a bakin wannan kurmin ya kafa ta. Sunan Kasuwar Kurmi ke nan fa. Yau ka shiga ba ka ganin kurmi, sai rumfuna da cunkoso, amma sunan ya ƙi mutuwa.

7/ Turawan farko sun tarar da ruwan da girmansa. Clapperton ya zo a 1824, ya ga fadama ta ratsa gari daga gabas zuwa yamma, ta kusa raba shi biyu, kasuwa na ci a kan ɗan tudun da ya tsallaka ta, ga agwagin ruwa birjik. Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso a 1851. Shi ma ya rubuta kan tafkin Jakara, ya koka da rashin lafiyar wurin, ya kuma lura Hausawa sun fi yawa a arewacinsa, Fulani a kudu.

8/ Don haka maganar gaskiya, ƙazantar ba jiya ta fara ba. Amma ta wancan lokacin shara ce da kashin dabbobi, abin da ƙasa ke cinyewa.

9/ Canji ya zo da masana'antu. Bayan Jakara ta fita daga birni, ta bi ta Kwarin Gogau, ta ɗebi jini da tumbin abbatuwa, ta wuce ta wajen Nomansland, sai ta haɗu da rafin Getsi. Getsi kuwa daga Bompai yake fitowa, ɗauke da ruwan kamfanonin jima da na rini. Sinadaran jima ba sa ruɓewa kamar shara, a cikin laka suke zama.

10/ Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A gaɓar kogin nan akwai lambuna, ana noman rani: latas, alayyafo, kabeji, karas. Da wane ruwa? Da wannan dai. Ban ga laifin manoman ba wallahi, ruwan da ke gudana rani da damina, a kyauta, dab da kasuwa, wa zai ƙi? Sai dai wani ganyen da ke cikin kwaɗonmu daga nan yake.

11/ Daga nan sai dam ɗin Wasai a Minjibir, wanda aka gina a 1976. Can duk abin da birni ya wanke yake kwantawa, kuma ana su a ciki. Abin da ya tsallake ya nufi Jigawa, cikin yankin Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ke bi ta fadamun Haɗeja da Nguru zuwa Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ruwan Kano ba ya zuwa teku sam.

12/ A zangonsa na biyu, gwamnatin Kwankwaso ta fara rufe kogin da kankare tana shimfiɗa titi a kai, shi ne titin Wuju-Wuju. Aikin ya tsaya na shekaru. Inda aka rufe, wari ya ragu, hanya ta samu, wannan kam gaskiya ne. Amma rufe kogi ba tace shi ba ne, ruwan da ke fita ta ɗaya bakin yana nan yadda yake.

13/ Kuma a da kududdufan birni, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, su ne ke shanye rarar ruwan sama kafin ya isa Jakara. An cike da yawansu an yi shaguna da gidaje. Shi ya sa in an tafka ruwa a watan Agusta, duk ya taho lokaci guda, leda ta toshe hanya, sai ya shiga ɗakunan mutanen kwari.