Daga Kurtun Tawada zuwa Buhun Taki

Mu masu koyar da kimiyyar sinadarai a yankin Kankiya da Kusada, littafi ya saba mana da fara babin koloyid da abin da ke faruwa a fuskar abubuwa daga Thomas Graham, mutumin Sikotlan. A 1861 ya lura cewa gishiri da sukari na ratsa takardar tacewa cikin hanzari, amma ƙaro da sitaci sai jan ƙafa. Waɗannan na biyun su ya kira koloyid. Daga nan ake ƙirga shekarun fannin, alhali aikin ya daɗe a hannun mutane.

Dubi almajiri yana haɗa tawada. Zai kankaro baƙin tukunya ko ya daka gawayi ya yi laushi, ya zuba ruwa, ya jefa ƙaro. Gawayi ba ya narkewa a ruwa ko da za a shekara ana damawa. In babu ƙaro, kafin gari ya waye baƙin ya kwanta a gindin kurtu, alƙalami ya ɗebo ruwa zalla. Ƙaron ne ke lulluɓe kowace ƙwaya ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, sai su yi ta yawo. Michael Faraday ya yi irin wannan da zinariya a 1857, ruwan ya fito ja, kuma har yau kwalabensa na nan a Landan. Ganin ƙwayoyin da ido kuwa sai da Zsigmondy da Siedentopf suka ƙera madubinsu mai ƙara girman abu wajen 1903. Dalilin yawon nasu Einstein ne ya lissafa shi a 1905: ƙwayoyin ruwa ne ke ta bangazar su ta kowane gefe.

Mai jefa alif a randar ruwan rafi akasin haka take nema. Ƙurar laka na ture juna saboda cajin lantarki iri ɗaya. Alif ya kashe cajin, su dunƙule, su nutse. Bafulatana ma, in tana kaɗa nono, ɗigon mai ne da ke warwatse cikin ruwa take tilasta wa haɗuwa, har man shanu ya taso.

Reshen wannan babi da ya fi kawo kuɗi, wato katalisis, a ganina shi muka fi koyarwa a gurguje. Berzelius ya raɗa wa katalisis suna a 1835, wato abin da ke gaggauta haɗuwar sinadarai shi kuma bai ƙare ba. Fritz Haber ya haɗa amoniya daga iska a 1909, kamfanin BASF ya fara yin ta da yawa a Jamus a 1913, a kan fuskar baƙin ƙarfe, inda iskar naitirojin ke maƙalewa ta tsage biyu. Daga amoniyar nan ake yin takin yuriyar da manomi ke ciniki a kasuwar Kankiya da zarar damina ta kankama. Yadda tsagewar ke faruwa daki-daki kuwa, sai Gerhard Ertl ya warware shi, aka ba shi kyautar Nobel a 2007.