Tarihin Zamanmu da Tsutsar Ciki: Daga Bakin Kogin Katagum

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san tsargiya da kurkunu da macijin ciki. Tun da Malam Zaki ya kafa birnin Katagum a bakin kogin Jama'are wajen 1814, rayuwar kakanninmu a ruwa take: su, noman fadama, wanka da wanki. Da aka mayar da fadar Sarki Azare a 1916, ba mu rabu da tafkuna da kududdufai ba. A nan dodon-koɗi ke rainon tsutsar tsargiya, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro ce.

Kurkunu dai an gama da shi. A 1988 an ƙirga masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauransa a ƙasar.

To, ga inda labarin ya ɗauki wani salo. A 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kamar wani nau'in ciwon gaɓoɓi, ba su da yawa a wurin kamar a Turai. Ya yi zaton yawan zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin da ke zaune a jikin mutane ne dalili.

Daga baya masana suka gano dabarar tsutsa. Don ta daɗe a hanji ba a kore ta ba, sai ta fitar da sinadaran da ke lallashin garkuwar jiki, ta ƙara yawan ƙwayoyin jinin da aikinsu kwantar da tarzoma ne. Wannan kan rage kumburin hanji. A 2005 likitocin Jami'ar Iowa a Amurka suka ba da rahoton shayar da masu gyambon hanji ƙwan wata tsutsar alade, wasu suka ji sauƙi. Amma da aka faɗaɗa gwajin, a 2013 sai aka ga bai fi maganin banza ba.

Saboda haka kada wani ya ji wannan ya ce tsutsa magani ce. Baƙuwar da ke lallashin maigadi, kaya take ɗiba. Tsutsa na shan jini, tana tsumbure yara, tsargiyar hanji kuwa har hanta take lalatawa.

Mu da muke zaune nesa da gida, in mun kai yara hutu Azare ko Katagum, mu hana su wankan kududdufi, su sa takalmi. In an dawo, a kai su asibiti a duba fitsari da bayan gida. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.