Gida ɗaya, shaguna goma

Jama'ar Ƙofar Doka, kun san yadda ake yanka gida ɗaya a fitar da shaguna goma? To, haka IBM ta yi wa babbar kwamfuta a 1972: inji ɗaya, kwamfutoci da yawa a cikinsa. VMware, wadda aka kafa a 1998, ta yaɗa dabarar. Ma'aikatu suka huta, don lasisin Windows Server Datacenter na inji ɗaya ya ishi duk Windows Server ɗin da ke cikinsa.

Kwatsam a 2023 Broadcom ta saye VMware, ta daina sayar da lasisin dindindin, sai haya, a shekarar da naira ta sha ƙasa.

Makarantu da asibitocinmu na Zariya, a sani: KVM da Proxmox kyauta ne. Matasanmu, ku koye su, akwai abinci a ciki.